Na leƙa wayar ɗana, abin da na gani ya hana ni barci

Assalamu alaikum Malama. Ɗana na fari shekararsa 15. Yaro ne mai natsuwa, ya haddace izu 20, malamansa suna yabonsa. Bara mahaifinsa ya saya masa waya saboda karatu. 'Yan watannin nan na ga ya canza: sai an yi da gaske yake tashi sallar Asuba, ya daina zama cikinmu, kullum yana ɗaki ƙofa a rufe. Makon jiya ya bar wayar a buɗe ya shiga wanka, na ɗauka na duba. Na ga bidiyoyin batsa, na kuma ga yana hira da wata da ban sani ba, har tana neman ya turo mata hotonsa. Ban ce masa komai ba. Ban gaya wa mahaifinsa ba, don mutum ne mai zafi, na san duka zai yi masa ya fasa wayar. Tun ranar ba na iya kallon fuskar yaron. Na yi laifi da na duba? In ƙwace wayar? In gaya wa babansa? Ji nake kamar duk tarbiyyar da na yi ta tafi a banza.

Uwa cikin damuwa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.

Abu biyu kika gani a wayar nan. Na san bidiyon ne ya fi girgiza ki, shi ne yake dawo miki duk sanda kika rufe ido. Ni kuwa hirar ce ta fi tayar min da hankali, kuma da ita zan fara, domin ita ce ba ta jira.

Yarinyar da ɗanki bai taɓa gani ido da ido ba, ta faɗo masa daga sama, cikin 'yan kwanaki tana neman hoto: sau da yawa babu wata yarinya. Ƙato ne zaune da hotunan da ya sato a shafin wata, yana hira da yara da dama a lokaci guda. Zai fara turo hoton tsiraici da sunan na yarinyar ne, ya ce saura kai. Da yaro ya tura, sai murya ta sauya: ko ka turo kuɗi, ko in aika wa iyayenka da abokan karatunka, ga sunayensu nan na kwaso daga shafinka. A watan Disamba na 2022 hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta fitar da gargaɗi na musamman a kan wannan ta'asa, ta ce cikin shekara guda an yi wa yara aƙalla 3,000 haka, mafi yawansu maza, kuma fiye da goma daga cikinsu sun kashe kansu. Abin da ya kai su ga haka shi ne tsoron kada a sani a gida. Da tsoron iyaye ɓarawon yake cin kasuwarsa.

Saboda haka maganarki da ɗanki ba ta wata mai zuwa ba ce, ta wannan makon ce. Idan ya riga ya tura hoto, kada a biya ko sisi, biya ba ya rufe musu baki, ƙara buɗe shi yake yi. Kada a goge hirar kafin a ɗauki hotonta a ajiye shaida, sannan a toshe mutumin, a kai ƙorafi ga manhajar da kuma hukuma. Akwai wani shafi na kyauta mai suna Take It Down, an yi shi ne don 'yan ƙasa da shekara 18, yana taimakawa wajen hana irin waɗannan hotuna yaɗuwa a manyan dandamali, ba tare da hoton ya bar wayar yaro ba. Idan kuwa bai tura ba, alhamdu lillahi, Allah ne ya sa ya manta wayar a buɗe.

Yanzu ga kalmarki ta ƙarshe, wadda ita ce ta fi yi min ciwo: wai tarbiyya ta tafi a banza. Bari in ba ki labarin da na tabbata kin taɓa ji, amma ina so ki sake jin sa da kunnen uwar ɗan shekara 15.

Imam Ahmad ya ruwaito daga Abu Umama cewa wani saurayi ya zo wajen Annabi (SAW) cikin jama'a ya ce: Ya Manzon Allah, ka yi min izinin zina. Mutane suka yi masa ca, suna tsawata masa. Annabi ya ce masa ya matso. Ya matso ya zauna kusa da shi. Ya tambaye shi: za ka so a yi da mahaifiyarka? Ya ce a'a wallahi. Ya ce: haka su ma mutane ba sa so wa iyayensu mata. Ya bi da shi ta kan 'yarsa, da 'yar'uwarsa, da goggonsa, da innarsa, kowace yana cewa a'a. Sannan ya ɗora masa hannu ya yi addu'a: Allah ka gafarta zunubinsa, ka tsarkake zuciyarsa, ka kiyaye farjinsa. Mai ruwayar ya ce bayan wannan saurayin bai ƙara waiwayar irin wannan abu ba.

Wannan saurayi cikin sahabbai yake zaune, bayan Annabi yake sallah, ba waya ba intanet, amma sha'awa ta azalzale shi har ya furta abin da ya furta. Wa zai ce tarbiyyar da ya samu ta banza ce? Ita ce ma ta kawo shi. Bai je ya aikata a ɓoye ba, ya ɗauko mafi munin abin da ke zuciyarsa ya kai wa wanda ya fi jin nauyi a duniya, saboda ya san ƙofar ba za ta rufe a fuskarsa ba. Kalmar farko da ya ji daga bakin Annabi kuwa ita ce matso. Ni dai duk lokacin da na karanta hadisin nan sai in tambayi kaina: da ɗana ne, ni zai kawo wa wannan magana, ko ni ce ta ƙarshe da zai so ta ji?

Akwai wani saurayin kuma, Fadl ɗan Abbas, ɗan baffan Annabi. A Hajjin Bankwana yana bisa taguwa a bayansa, wata mace ta zo yin tambaya, Fadl ya shiga kallonta. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi ya riƙa juyar da fuskar Fadl zuwa ɗaya gefen. Bai kunyata shi ba, bai kuma bar shi ya ci gaba da kallo ba. To ga aikinki nan: hannun da ake ɗora wa yaro a yi masa addu'a, da hannun da ke juyar masa da fuska. Yawancinmu ɗaya muka iya. Masu zafi sun iya na biyu, shi ma da mari suke yin sa. Masu sanyi sun iya na farko, su bar yaro da waya har ƙarfe uku na dare suna cewa Allah ya shirya.

Ki kuma san da wa ɗanki yake kokawa, don ki yi masa adalci. Manhajojin bidiyo ba sa tambayar yaro abin da yake so. Aunawa suke yi: daƙiƙa nawa ya tsaya a kan wannan, wanne ya maimaita, wanne ya wuce da sauri. In ya ɗan dakata a kan wata mai rawa, na gaba zai fi shi tsiraici, na bayansa ya fi, domin kuɗin kamfanin daga talla yake, talla kuwa sai ido ya zauna. Shekara 13 da TikTok da Instagram da Snapchat suka sa a matsayin ƙa'idar buɗe shafi, tushenta wata dokar Amurka ce ta 1998 da ta shafi tattara bayanan yara, ba wani ne ya zauna ya ga ɗan 13 ya yi hankalin da zai iya da abin da ke ciki ba. Ostareliya ta ga abin ya fi ƙarfin iyaye, a watan Nuwamba na 2024 majalisarta ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da 16 mallakar shafi a manyan dandamalin sada zumunta. Shi kansa Steve Jobs na kamfanin Apple mai ƙera iPhone ya taɓa shaida wa wani ɗan jarida cewa suna taƙaita wa 'ya'yansu amfani da na'urori a gida. Mai miya ya san abin da ya zuba. Ba wanke ɗanki nake yi ba, ya yi laifi kuma ya san ya yi. Amma yaro ne aka ba wa abin da manya da gemunsu suke faɗuwa a kansa, aka rufe masa ƙofa, aka kashe fitila.

Kin yi laifi da kika duba? A ganina a'a. Allah ya hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurat, aya ta 12, wannan gaskiya ne. Amma ke makiyayiya ce da za a tambaye ki abin kiwonki, yaron yana ƙarƙashin kulawarki, kuma alamu kika gani, ba zargi kawai ba. Inda zan ja miki kunne shi ne kada wannan ya zame miki hanya. Abu Dawud ya ruwaito daga Mu'awiya cewa Annabi ya ce idan ka riƙa bibiyar aibobin mutane za ka lalata su, ko ka kusa lalata su. Uwar da ke laɓe tana jiran ɗanta ya shiga wanka, abin da take koya masa shi ne goge sawu da sauya lambar sirri. Sa ido a fili ya fi: ya san kin san lambar buɗe wayarsa, ya san za ki iya cewa miƙo min a kowane lokaci, a gabansa. Kuma ki faɗa masa gaskiya cewa kin duba. Kada ki ce wani ne ya gaya miki, kada ki ce mafarki kika yi. Ba a gina gaskiya a kan ƙarya.

Na san akwai nauyi. Uwa da ɗa namiji da ya balaga, a kan irin wannan magana, baki ba ya son buɗewa. Ki tuna Ummu Sulaim da ta zo tambayar hukuncin mace in ta yi mafarki, ta fara da cewa Allah ba ya jin kunyar gaskiya. Ki zaɓi lokacin da ku biyu ne kawai, ba ƙannensa a kusa, ba kuma lokacin da ranki yake ɓace ba. Yara maza sun fi sakin baki in ba a tsare su da ido ba, don haka ki sa shi ya taya ki wani aiki, kuna gefe da gefe. Ki ce masa wani abu kamar haka: "Ranar nan na ɗauki wayarka, na ga abin da ke ciki. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Amma ban kira ka don in ci mutuncinka ba. Ina so in san wace ce wannan da kuke hira, kuma ko ka tura mata wani abu. Duk abin da ya faru, tare za mu gyara." Daga nan ki yi shiru. Zai yi musu, ko ya yi kuka, ko ya sunkuyar da kai minti goma bai ce uffan ba. Ki jure shirun.

Abu biyu kada su fito daga bakinki. Na farko mugun baki, domin Muslim ya ruwaito hani a kan yi wa 'ya'ya mummunar addu'a, kada ta dace da sa'ar amsawa. Na biyu gori da haddarsa: "da izu 20 ɗinka kake wannan, munafuki." Wannan kalma Shaiɗan ya riga ki faɗa masa, kullum dare yana maimaita masa ita. Tarkonsa na farko shi ne kallon, na biyu kuma, wanda ya fi muni, shi ne ya ce wa yaro: kai da ka ƙazantu, me kake nema da Alƙur'ani, wace sallah za ka yi? Ina kyautata zaton wani ɓangare na nauyin Asubar nan daga nan yake. Ki gaya masa labarin mutumin da ya sumbaci wata mace ya zo wa Annabi cikin nadama, aka saukar da aya ta 114 ta Suratu Hud, mai umarni da tsayar da sallah, mai cewa kyawawan ayyuka suna tafiyar da munana. Wanda ya faɗi shi ya fi kowa bukatar sallah.

Kada a fasa wayar. In an fasa, zai ari ta aboki, ko ya tara kuɗi ya sayi wata ya ɓoye, an gudu ba a tsira ba, kuma yanzu ba ki san ma akwai ta ba. Dare za ki ƙwace masa, ba wayar ba. A sa doka a gidan: daga ƙarfe kaza kowace waya tana kwana a wuri guda a wajen ɗakin barci, a nan ake cajinta. Na ce kowace, har da taki da ta mahaifinsa. Yaron da ke ganin hasken waya a fuskar uwarsa tsakar dare ba zai ɗauki dokar da muhimmanci ba, kuma yana da gaskiya. Masana barci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10 a dare. Wanda ya kwanta ƙarfe biyu, ko waliyyi ne sai an sha fama da shi da Asuba. In ya ce da ita yake saita ƙararrawar tashi, a saya masa agogo.

Akwai kuma matakan cikin wayar. In Android ce akwai Family Link na Google, in iPhone ce akwai Screen Time, TikTok ma yana da Family Pairing da ke haɗa shafin yaro da na iyaye. Suna iyakance lokaci, suna tace shafukan batsa, suna hana sauke manhaja sai da izini. Ki duba kuma shekarun da ya rubuta lokacin buɗe shafukansa, don in ya ce shi ɗan 25 ne, duk kariyar da aka tanada wa yara ta wuce shi. Sai dai kada ki yaudari kanki. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma a harkar waya yaron ne a kan rimin, mu muna ƙasa. In ya so zai iya zagaye shingen cikin yini guda. Amfanin shingen shi ne ya sa saɓo ya zama sai an yi masa tattaki, maimakon ya biyo mutum har kan gado. Ku saita su tare, yana kallo, ya san dalili.

Shinge na sayen lokaci ne kawai. Nan da shekara uku ko huɗu zai bar gabanki da wayarsa a aljihu, ba Family Link ba uwa. Abin da zai bi shi can shi ne wanda Luƙman ya dasa wa ɗansa a aya ta 16 ta surarsa: ya ƙaramin ɗana, ko da abu ya kai nauyin ƙwayar komayya, yana cikin dutse ko cikin sammai ko cikin ƙasa, Allah zai zo da shi. A nan ne nake ganin muke da giɓi. Muna murna da yawan izu, kuma abin murna ne, amma yaro zai iya rera aya ta 30 ta Suratun Nur da tajwidi mai daɗi ba tare da wani ya taɓa zama da shi ya ce: runtse idon da ake faɗa a nan, har da allon da ke hannunka ba. Jarir ɗan Abdullahi ya tambayi Annabi game da kallon ba-zata, ya umarce shi ya kawar da kai. Annabi ya kuma ce wa Ali kada ya bi kallo da kallo, na farko nasa ne, na biyu ba nasa ba ne. Ki fassara wa ɗanki wannan da yaren babban yatsansa: abin da ya faɗo maka kana gungurawa ba a rubuta maka ba, tsayawar ce taka. Kuma abin mamaki, manhajar ma tsayawar take ƙirgawa. In ya riƙa wucewa da sauri yana danna ba na so, sannu a hankali abin da ake kawo masa zai sauya. In shafin ya riga ya gurɓace sosai, a rufe shi a buɗe sabo.

Sa'o'in da za a karɓe daga waya sai an cika su da wani abu, in ba haka ba kaɗaici zai mayar da shi inda ya fito. Wasan motsa jiki da zai gajiyar da shi, sana'ar hannu, azumin nafila da Annabi ya yi wa samari nuni da shi, abokai na zahiri da kin san iyayensu. Ke kin fi ni sanin abin da yake so.

Sai mahaifinsa. Ya kamata ya sani. Shi ma makiyayi ne, kuma ranar da ya ji daga wani wuri cewa kin ɓoye masa, matsala ta zama biyu. Ban da haka, ɗan shekara 15 yana bukatar namiji babba da zai yi masa maganar balaga da wankan janaba da yadda ake danne sha'awa, ba tare da ido ya raina fata ba. Amma ki fara magana da yaron tukuna, ki san girman abin, ki kuma sanar da shi cewa za ki gaya wa babansa, kada ya ji an yi masa yankan baya. Sannan ki samu maigidan a lokacin da yake cikin nishaɗi, ki fara da haɗarin masu neman hoto, domin uba in ya gane ana farautar ɗansa, fushinsa yakan koma kan mafaraucin. Ki nemi alkawari kafin ki ƙarasa: ba duka, ba tonon asiri a gaban ƙanne. Ki tuna masa hadisin Nana A'isha cewa sauƙin hali ba ya shiga abu face ya ƙawata shi. In kin san zafinsa ya kai na raunata yaro, to kada ki tunkare shi ke kaɗai, ki sa wani da yake jin nauyinsa a tsakani, yayansa ko malaminsa, mutum ɗaya mai riƙe sirri. Daga nan maganar ta tsaya. Ba 'yan'uwanki, ba ƙawaye, ba neman addu'a a zauren WhatsApp da bayanin da kowa zai gane wa ake nufi. Wanda ya rufa wa Musulmi asiri Allah zai rufa masa, ɗanki kuwa Musulmi ne kafin ya zama ɗanki.

Ki shirya wa cewa zai iya komawa. Abin da aka saba da shi watanni ba ya barin mutum a zama ɗaya. In ya sake faɗuwa a tashe shi, a ƙara ɗaure shingen, a ci gaba. In kuwa kika ga abin ya ci karatunsa da barcinsa, ko ya shiga ƙunci yana maganar gara ya mutu, kada ki tsaya jira, ki kai shi wajen likita ko masanin halayyar ɗan Adam a ranar, tare da addu'ar da kike yi.

Kin ce mako guda kenan ba kya iya kallon fuskarsa. Ya lura, 'yar'uwa. Wataƙila ma ya gane dalili, yana can yana jiran ranar da sama za ta faɗo masa. Kafin ki buɗe maganar waya, yau ki kira shi, ki dube shi, ki tambaye shi ina ya tsaya a hadda, ki ce ya karanta miki shafi ɗaya.